Ƙarfen da Na Cire a Motar Alhaji Ladan

Noti biyu ne ke riƙe da shi. Ka bi babban tiyon da ya taso daga lagireto zuwa jikin inji, inda ya ƙare za ka ga wani marfin ƙarfe kamar kofin shayi a kife. Ka sa sifana, ka kwance notin nan biyu, ruwan ɗumi ya zubo maka a hannu, sai ga shi zaune a ciki: ɗan ƙarfe mai naɗaɗɗiyar waya, bai cika tafin hannu ba. Shi ne tamostat. Minti goma sun ishi mutum ya fitar da shi. Ni a minti shida nake yi, kuma shekara da shekaru ina alfahari da hakan.

Ku da kuke zuwa nan kuna cewa kanikanci ya zama sauƙi tunda an samu na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta a waya, ku saurara. Ba zan zauna ba, ba na iya zama in ina wannan magana. Ku dai ku zauna.

A Bodinga na koyi aiki, wurin Malam Namadina, bakin babban titi. Shekara bakwai na yi. Biyun farko ban riƙe sifana da sunan aiki ba, sai wanke notuna a cikin kwanon fetur da riƙe tocila da tura mota. Kayan aikinsa duka a akwatin katako ɗaya suke: sifanu, filaya biyu, guduma, da wata doguwar sukundireba da yake ɗora bakinta a jikin inji ya kara kunnensa a ƙotar, ya gaya maka abin da ke ƙara a ciki. Bai taɓa kuskure ba a wannan. Mutum ne da ya san ƙarfe. Amma duk motar da ta shigo daga Kwatano, abin da yake fara yi shi ne ya kwance notin nan biyu ya ciro tamostat ya wurga a wani babban gwangwani.

Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce, "Wanga abu na ƙasar sanyi na. Don ƙanƙara anka yi shi. Mu nan da rana ka dahe ƙwai, mi za mu yi da shi?"

Ban sake tambaya ba. Motocin lokacin masu kafireta ne, masu haƙuri, ka cire musu abu su ci gaba da tafiya ba su ce komai ba. Da na samu 'yanci na buɗe nawa garejin a Shagari ƙarƙashin wannan dogon-yaron, abu na farko da na nemo bayan akwatin sifanu shi ne nawa gwangwanin. Na cika shi. Motocin 'yan kasuwa, a-kori-kurar Fulani masu kai dusa da ƙaiƙayi ruga, motocin haya masu zuwa Sakkwato, duk na cire musu. Har suna na yi. Ana cewa in motarka na zafi ka kai wa Umaru.

Wata rana a ƙarshen damina Bello ya kawo motar Alhaji Ladan. Alhaji Ladan ɗan kasuwar albasa ne a nan Shagari. Bello kuwa direbansa ne, mutumin Dandin Mahe, ya kai shekara tara yana ja masa mota. Irin direban nan ne da yake goge inji da tsumma kowace safiya, ba ya barin kowa ya jingina da bonet. Motar sabuwar saye ce, a-kori-kura 'yar Kwatano, amma ba irin waɗanda na saba ba. Wannan mai ƙwaƙwalwa ce, wato akwai wata 'yar na'ura a ciki da ke auna yawan fetur ɗin da za ta ba inji. Bello ya ce allurar zafi tana wuce rabi in ya yi lodi.

Na sauke lagireto na wanke. Abin da ya fito ba a cewa komai, laka da tsatsa da farin dattin ruwan rijiya. Wannan shi ne ciwon motar, kuma na riga na warkar da shi a nan. Da na tsaya a nan da ba na ba ku wannan labari. Amma hannu ya saba. Na kwance noti biyu na cire tamostat, na kuma jona fanka kai tsaye yadda da an murɗa makulli za ta kama juyi ba tsayawa.

Bello yana tsaye a kaina. Ya ce, "Umaru, wanga abin da kac cire, ba shi da aiki?"

Na ce, "Nan ƙasar ba shi da aiki."

Ya ce, "To don mi sunka sa shi?"

Na ce masa ya je ya ja motarsa, ya bar mini nawa. Na wurga ƙarfen a gwangwani. Allura ta kwanta can ƙasa, ko motsi ba ta yi. Alhaji ya aiko mini da rabin buhun albasa.

Da ɗari ya shigo sai Bello ya dawo. Ya ce mota tana shan mai. Na ciro fulogi, sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na canza. Bayan sati biyu ya sake dawowa. Na wanke nozul, na canza matatar iska. Ya sake dawowa, wannan karon ya zaro sandar auna baƙin mai ya kai mini hanci, ya ce in shinshina. Warin fetur ne a ciki. Na ce masa ya daina shan mai wurin 'yan bumburutu, gurɓatacce suke sayarwa. Ya ce bai taɓa sha a wurinsu ba. Ina da motoci uku a buɗe a ranar, na ce ya je ya dawo.

Sai ga Alhaji Ladan da kansa, shi kaɗai, bayan la'asar. Bai zauna ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Umaru, tsakaninka da Allah. Motag ga tana da ciwo?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, lahiyarta lau. Dut abin da za a duba na duba."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata."

Ya gyaɗa kai ya tafi. Ban tambaye shi dalilin tambayar ba. Ku riƙe wannan: in mai mota ya zo ba direbansa ya ja ka gefe, ba mota kaɗai yake tambaya ba.

Ranar kasuwa Alhaji ya tare Bello a tasha, gaban direbobi da 'yan kamasho da masu dako. Ya ce wa Bello ya kawo makulli. Ya ce man da a da yake kai mota Sakkwato ya dawo da ita, yanzu da ƙyar yake kai ta, kuma bakanike ya tabbatar masa mota lafiyarta lau, don haka sauran man ya san inda yake zuwa. Ya kira shi ɓarawo, da wannan kalmar. Waɗanda ke wurin sun ce Bello ya ciro makulli ya miƙa, ya ɗauki tsummansa da butarsa daga cikin mota, ya hau bayan wata motar itace zuwa Dandin Mahe. Daga ranar ba wanda ya sake ba shi mota a wannan yankin. Wa zai ba?

Alhaji ya ba ɗan ƙanensa motar, kuma shi da kansa yake zama a gaba, a gabansa ake zuba mai. Mota ta ci gaba da sha yadda take sha.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Ba motar Alhaji kaɗai ba ce. Motoci masu ƙwaƙwalwa sun fara yawa, kuma duk wadda ta bi ta hannuna sai ta dawo da kuka iri ɗaya: shan mai, baƙin hayaƙi, fulogi na mutuwa. Ina canza wannan ina canza wancan. Mutane suka fara wuce ni suna kai motocinsu Sakkwato. Akwai satin da ban buɗe bonet ko ɗaya ba. In na zauna a benci sai in tashi, in zagaya bishiyar nan, in jera sifanu, in sake watsa su. Na buɗe injin wata matacciyar mota da ke nan a yashe na sake haɗawa, don kawai hannuna ya samu abin yi.

Rannan wani dattijo ya zauna a bencina yana jiran motar Bodinga. Baba Marafa ake ce masa, mutumin Sifawa. Ya yi aiki a garejin gwamnati har ya yi ritaya ya koma noma. Motar Alhaji tana nan an sake kawo ta, tana kunne, fanka na ta kaɗawa. Ya leƙa ta taga ya dubi allura.

Ya ce, "Tun yaushe taka aiki?"

Na ce rabin awa.

Ya ce, "Rabin awa, allura na ƙasa? Ɗana, mi kac cire mata?"

Na gaya masa. Ya girgiza kai. Ya ce tamostat ƙofa ce. In inji yana da sanyi sai ta rufe, ta hana ruwa zuwa lagireto, don inji ya yi ɗumi da wuri. In ya kai zafin da ake so sai ta buɗe. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, in ta ji inji da sanyi, sai ta ƙara masa fetur don ya ɗumama, kamar yadda ake yi da sassafe. "Kai ka sa motag ga tana ganin kullum asuba ta. Tun sahe har marece tana ƙara mai, tana jiran ɗumin da ba shi zuwa."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na riga na durƙusa gaban gwangwani ina tonawa. Motar Bodinga ta zo, Baba Marafa yana hawa yana ce mini wani abu game da lamba, in duba lamba. Na ce to, to, Allah shi kiyaye hanya. Ban ji ba. Na gwada wannan bai shiga ba, na gwada wancan ya yi ƙarami, na uku ya zauna daram a gurbin. Na ɗaure noti, na mayar da wayar fanka yadda take asali. Allura ta hau ta tsaya a tsakiya. Na ce wa ɗan ƙanen Alhaji an gama.

Lokacin bazara ta kama sosai, albasa ta fito. Kwana huɗu bayan nan, da tsakar rana, aka zo aka ɗauke ni a mashin. Motar Alhaji ce ta tsaya a hanyar Lambara da lodin albasa har sama. Na same ta bonet a buɗe, tururi ya gama fita, ƙasa ta shanye ruwan. Na buɗe murfin baƙin mai, ya koma kamar shayi da madara. Gasket ɗin kan inji ya ƙone, ruwa da mai sun haɗu. Babu inuwa a wurin ko ta ƙaya. Ana ta sauke buhuna a gefen hanya ana neman amalanke, albasa tana dahuwa a rana. Alhaji Ladan yana tsaye da lema. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Umaru, kai kac ce an gama."

A nan gefen hanya na kwance notin nan biyu, ƙarfe na ƙona mini yatsu, na ciro tamostat ɗin na naɗe a tsumma. Washegari da safe na hau mashin sai Sifawa.

Na samu Baba Marafa a zaurensa yana gyaran ƙotar fartanya. Ya karɓi ƙarfen ya ba ni wuƙa ya ce in kankare tsatsar da ke gindinsa. Na kankare. Sai ga lamba ta fito, casa'in da biyu. Shekara nawa ina cire wannan abu, ban taɓa sanin akwai rubutu a jikinsa ba.

Ya ce, "Na gaya maka ka duba lamba."

Na ce, "Ban ji ba, Baba."

Ya ce, "Ka ji. Sauri kaka yi."

Ya sa aka kawo murhun gawayi da tukunya da ruwa. Ya shiga ciki ya fito da wani dogon ma'aunin zafi na gilashi naɗe a tsohuwar hula. Ya ɗaure tamostat da zare ya rataya shi a cikin ruwan yadda ba zai taɓa gindin tukunya ba, ya ce in sa ido a kan ƙarfen, shi zai sa ido a kan ma'auni. Muka zauna. Ni dai durƙuso na yi. Tamanin, bai motsa ba. Casa'in, shiru. Sai da ruwa ya fara ƙananan kumfa yana shirin tafasa sannan bakinsa ya ɗan buɗe, ko tsinke da ƙyar zai shiga, ya tsaya a nan.

Ya ce laifi biyu na yi a aiki ɗaya. Na farko, wannan na wani injin ne daban, wanda aka ƙera don ya yi aiki da zafi mai yawa. Injin motar Alhaji tamanin da biyu yake so. Ka sa masa casa'in da biyu, da lodi, da ranar bazara, ka bar masa tazara kaɗan tsakaninsa da tafasa. Na biyu, ƙarfen ya shekara a gwangwani ya cije, ko lambarsa ma bai cika ba. Shigarsa gurbi ba ita ce shaida ba. Guda goma za su iya shiga gurbi ɗaya, kowanne da lambarsa.

Na ce to ai sai in nemo mai ƙaramar lamba, ya buɗe da wuri, mota ta huta.

Ya ce, "Ka koma gidan jiya. In ka sa mai saba'in da ɗaya, inji ba shi kai ɗumin da ƙwaƙwalwa taka jira, ta ci gaba da ƙara mai. Kuma in lagireto ya toshe, ko wace lamba kas sa sai ta yi zahi. Ƙaramar lamba ba ta wanke lagireto. Abin da maƙerin inji yac ce, shi za ka sa. Ba sama, ba ƙasa."

Na tafi Sakkwato da lambar inji rubuce a takarda. Mai sayar da kayan mota ya duba ya ce tamanin da biyu ne, amma ya miƙo mini mai saba'in da ɗaya, wai shi ne na ƙasar zafi, shi kowa ke saye. Na ce ya ba ni abin da na tambaya. Na sayi ma'aunin zafi a ranar, ga shi can rataye, shi ne kayan aiki mafi arha a garejin nan. Kafin in sa sabon ƙarfen sai da na dafa shi a tukunyar mai shayi. Ya fara buɗewa daidai lambarsa, kafin ruwa ya tafasa ya buɗe gaba ɗaya. Har yau ba na sa tamostat, ko daga kwali ya fito, sai na dafa shi. Kuma akwai ɗan huji a gefensa mai ɗan ƙarfe yana lilo, shi sama yake kallo, don iska ta fita. Ku kan juya shi ƙasa, na gani.

Kwana biyar na yi a kan injin. Na kai kan inji aka goge, na sa sabon gasket, na wanke ciki sau biyu. Da na gama na ce wa Alhaji ya zuba mai da hannunsa, ya zauna a gaba, ni zan ja. Muka je Sakkwato da lodi muka dawo. Allura tana tsakiya ba ta gusa ba. Da muka tsaya ƙofar rumfarsa ya daɗe yana kallon allurar mai.

Na ce, "Ranka shi daɗe, akwai magana. Shan man nan tun farko laihina na. Abin da nic cire mata ranar da Bello yak kawo ta, shi yas sa."

Ya ce, "Kenan Bello bai ɗauki komi ba?"

Na ce, "Ko ɗigo."

Ya ce, "Na tambaye ka. Na ce tsakaninka da Allah."

Na ce, "Ka tambaye ni."

Sai ya ce kada in kashe mota, mu wuce Dandin Mahe.

Muka samu Bello a fadama, a gonar wani, yana ban-ruwan ƙwadago, wando naɗe zuwa gwiwa. Ya rame. Ya gaishe da Alhaji yadda ya saba, har ƙasa. Alhaji ya ce in faɗa masa abin da na faɗa. Na faɗa, tun daga noti biyu har tukunyar Baba Marafa. Alhaji ya roƙi Bello ya yafe masa, ya ciro makulli ya miƙa.

Bello bai karɓa ba. Ya ce, "Alhaji, na yahe. Amma a tasha kah hwaɗi, gaban mutane. Nan ba kowa sai kwaɗi."

Ranar kasuwa Alhaji Ladan ya tsaya a tasha, daidai inda ya tsaya wancan karon, ya tara direbobi da 'yan kamasho ya ce ya zalunci Bello, Bello ba ɓarawo ba ne. Ni ma na tsaya na faɗi nawa. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ai dama sun sani. Bello yana wurin ya ji. Makullin dai bai karɓa ba. Bayan wata biyu wani mai motar haya a Bodinga ya ba shi mota, yana ja har yanzu.

Aikina ya dawo a hankali. Motocin da na cire wa, waɗanda na iya tunawa, na bi su ɗaya bayan ɗaya na mayar musu, kowacce da lambarta. Alhaji Ladan bai daina kawo mini mota ba.

Bara da damina motar Bello ta mutu a nan, ga wurin can, taku ashirin daga bencin da kuke zaune. Cike take da fasinja. Na ji yadda ta mutu na san wayar famfon mai ce, aikin minti biyar. Na ɗauki filaya na fita da gudu. Ya fito ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Na kai hannu zan ɗaga bonet sai ya ɗora nasa hannun a kai.

Ya ce, "A'a, Umaru. Bar shi."

Ya juye fasinjansa a wata mota, ya zauna a kan dutse cikin yayyafi kusan awa biyu, har aka zo da igiya aka ja shi zuwa Bodinga.